Yadda Mai Girma Ya Ƙaddamar da Ni da Matata

Jama'a, ku yi mini afuwa idan rubutun yau ya fito a karkace. A kan buhun albasa nake yin sa, cikin jirgin ruwa, ga shi kafaɗata ta dama ba ta huce da abin da na sa ta da azahar ɗin nan ba. Mota na tura. Farar bas ce mai ƙyalli, an ɗaura mata jan ƙyalle a goshi, an manna hotona da na mai ɗakina a gefenta, sannan an manna na Mai Girma a samanmu, kunnensa ɗaya ya fi kaina faɗi. Ita ce aka shelanta wa duniya za ta kai mu bakin iyaka. Ta bar filin taro da jiniya da guɗa, ta kai daidai kwanar masu suyar kifi, ta yi tari, ta tsaya cak. Direba ya waiwayo ya ce, "Baba, sai dai a taimaka." Na sauka cikin sabuwar shaddata, na naɗe hannun riga, na dafa bayan mota. Maroƙin da aka ɗauko bai san an tsaya ba. Yana can yana zuba kirari a lasifika, ni ina nan ina nishi.

Ga wanda bai san ni ba, Cindo ne, mutumin Yelwa. Gyaran injin jirgin ruwa ne sana'ata tun ina da baƙin gashi. Mai ɗakina kuwa Zulai'atu, duk wanda ya taɓa sayen bandar tarwaɗa a kasuwar Yauri ya san rumfarta. Ita ce ta ƙirƙiro wannan tafiya, ni ɗan rakiya ne.

Ga yadda abin ya faro. Bara ta fara ƙorafin tana ganin hazo ko da gari ya yi garau. Muka je wajen likitan ido, ya haska, ya sake haskawa, sannan ya gaya mana gaskiya ba kwana-kwana: ganinta yana raguwa, magani zai rage wa abin sauri, amma wanda ya tafi ya tafi. Muka dawo gida. Ta shiga ta kwaɓe hijabi, ta fito ta zauna a kan turmi, ta ce:

"Malam, ni teku nike son gani."

Na ce, "Ga ruwa nan bayan gida, sai ki duba."

"Wanga na san shi. Wanda ba shi da tsallake nike nuhi. Kuma ina son in ga huskar Mairo tun ina iya gane ta."

Mairo ƙanwarta ce, wadda wani masunci ya aura ya tafi da ita Yeji ta ƙasar Gana tun kafin a haifi ɗanmu na fari. Sai dai murya a waya.

Na ce to, ma je ma yi sati biyu. Ta girgiza kai. Shekara guda take so. Binin, Togo, Gana, har inda ƙarfinmu ya kai. Duk inda ruwa yake akwai Yawurawa da Sarkawa masunta, ba za mu rasa tabarma ba. Ni in gyara musu inji, ita ta banda musu kifi, mu ci, mu ƙara gaba. "Ɗiya sun girma," in ji ta. "Na yi shekaru ina kallon hayaƙi. Ya isa."

Haka na amince.

Muka shiga shiri. Ɗanmu Faruk ya yi ɗawainiyar fasfo da allurar rigakafi. Na sayar da tsohon babur ɗina, na damƙa wa wani abokin sana'a rumfata. Zulai'atu ta shiga dakan yaji da kuka da daddawa kamar mai shirin ciyar da bataliya, don ta ji an ce a can miyarsu duk kwakwa ce. Maƙwabcina Audu mai faci ya leƙo ta katanga yana kallon ƙullin kaya, ya ce:

"Cindo, wai mi kuka shirin yi?"

"Yawon buɗe ido za mu."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Kai, bari wanga zance. Talaka ba shi yawon buɗe ido. Ko dai ci-rani ya tahi, ko gudun hijira. Wane ne naka?"

Na ce, "Na ukun ne, yanzu munka ƙirƙiro shi."

Audu ba mugu ba ne, bakinsa ne ba shi da ƙyaure. Kafin a yi sallar la'asar labari ya kai tasha. A tasha aka mayar da Gana ta zama Turai. Kafin ya isa kunnen manya, an ce wani bakanike da matarsa za su zaga duniya baki ɗaya.

Ana nan sai ga baƙar jif a ƙofar gidana, irin wadda ba ta shigowa lungunmu sai lokacin zaɓe ya gabato. Wani matashi mai tumbi da wayoyi a hannu bibbiyu ya fito. Ya gabatar da kansa a matsayin Babban Mataimaki na Musamman ga Mai Girma. Ba zan faɗi sunan Mai Girma ba, don ina son in dawo in tarar da gidana. Mu kira shi Alhaji Za-A-Duba, Allah ya ƙara masa lafiyar dubawa. Mataimakin kuwa, daga baya na raɗa masa Oga Dawo-Gobe, kuma ya ci sunan.

Oga ya ce Mai Girma ya ji labarinmu, ya yi farin ciki matuƙa, domin tafiyarmu ta zo daidai da sabon shirinsa na Fitar da Talaka Ƙasar Waje. Na ce ai na ɗauka wannan shiri ya daɗe da yin nasara, tunda rabin samarin unguwarmu sun fice neman abinci. Bai yi dariya ba. Ya ce za a shirya gagarumin biki a ƙaddamar da mu, a ba mu mota har bakin iyaka, da sauran kayan alheri. Abu ɗaya kawai ake buƙata: fasfo ɗinmu, don a ɗauki hotonsu a sa a allon talla. Gobe za a dawo da su.

Na waiga na dubi Zulai'atu. Ta ce, "Malam, ni dai ban ga dalili ba." Amma jif tana ƙofar gida, maƙwabta sun yi cirko-cirko suna kallo, Oga ya miƙo hannu yana murmushi. Na ba shi.

Gobe ta zo ta wuce. Jibi ma haka. Ruwan tafki da ya cika har gindin mangwaron bakin gaɓa ya fara ja da baya, mu muna zaune a kan ƙullin kaya. Na zama ɗan gida a ƙofar Mai Girma. Akwai wani dogon benci a wajen, a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, wanda zaman masu jira ya goge shi har yana sheƙi. Ranar farko aka ce mini Mai Girma ya tafi ƙasar waje nazarin yadda Turawa ke kamun kifi. Na yi masa addu'a, domin mutumin da ko tsallakawa zuwa Rofiya, nan hayin tafki, ba ya yarda ya yi a jirgin ruwa, ya ɗauki nauyin koyo mana su daga bene hawa na ashirin, ai ya yi sadaukarwa. Da ya dawo aka ce kwamitin rumfuna bai miƙa rahoto ba. Da ya miƙa, aka ce kwamitin kujeru ya yi ƙorafin ba a tuntuɓe shi ba. Daga nan wahalar mai ta kunno kai, layi ya miƙe daga gidan mai har ya kusa kasuwa, aka ce ba zai yi kyau a yi biki jama'a suna cikin ƙunci ba. Ku ji tausayi irin na manya. A wannan makon ne motocin gidansa suka yi jerin gwano zuwa ɗaurin auren ɗan abokinsa, kowace da sanyinta a kunne.

A kan bencin nan na saba da wata malamar firamare daga Ngaski, Malama Esther. Iska ta yaye rufin ajinta, Mai Girma ya je da 'yan jarida ya tsaya a cikin ajin ya kalli sama ya ce za a duba. Tun daga ranar take zuwa ta ji sakamakon dubawar.

Ta tambaye ni, "Baba, kai me aka yi maka alƙawari?"

Na ce, "Ni ba alƙawari ya kawo ni ba, ɗiyata. Nawa ne anka karɓe."

Ta ce, "To kai ka fi mu matsayi. Mu ko karɓewa ba a yi mana ba."

Duk wannan ina ɗaukarsa da raha, kun san halina. Ranar da rahar ta ƙare mini ita ce wata Talata da yamma. Na dawo daga benci na tarar da Zulai'atu tsaye a bayan gida, inda ake hango tafki, ta kare goshi da tafin hannu. Akwai wani gungu da muke hangowa daga nan, tsibiri mai dogayen giginya, a can aka haife ta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Malam, giginyun can, sare su anka yi?"

Giginyu suna nan tsaye ƙyam. Na buɗe baki in yi mata ƙarya, na kasa. Ta gane. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce mini ai na gaya maka ba, wanda da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Watannin ga da sunka ci, ba nasu ba ne. Nawa ne."

Washegari na shirya zan je in yi rashin mutunci a ƙofar Mai Girma, ko da za a kwana da ni a caji ofis. Ta ce in zauna. Ta zaɓi manyan tarwaɗa masu mai, ta jera a kwando, ta rufe da sabon mayafi, ta fita. Ashe ta bincika ta gano ɗan waye Oga Dawo-Gobe. Innarsa ita ce Hajiya Saratu mai daddawa, wadda rumfarta ke kallon ta Zulai'atu a kasuwa tun shi Ogan yana yawo ba wando.

Wajenta ta kai kwandon, ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san kafin azahar sai ga jif a lungunmu, Oga ya fito ba tumbi ba taƙama, ya durƙusa har ƙasa yana cewa, "Inna, don Allah ki yi haƙuri, ban san ke ce ba." Zulai'atu ta ce, "Da ba ni ce ba hwa?" Ya sunkuyar da kai. Ya ce fasfo suna cikin durowar Mai Girma, shi ba shi da mabuɗi, amma ya rantse za a yi bikin cikin makon nan. Ina ba masu mulki shawara kyauta: a rushe kwamitoci, a ɗauki iyaye mata aiki.

To, yau aka yi shi. An kafa rumfuna sun fi mutanen da suka zo yawa. An jera kujerun roba an lulluɓe su da farin yadi, an kawo wata kujera mai ruwan zinare wadda sai da ƙarti suka yi mata ɗaukar gawa. Aka ce mu hallara da sassafe, Mai Girma ya iso rana ta take. Ya karɓi lasifika ya ce yau rana ce ta tarihi, ya cika alƙawarin da ya ɗauka na cewa talakan yankin nan zai ga duniya. Ya kira ni Alhaji Cindo, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Ya ce zai tura mu Turai da Amurka mu ɗaga martabar yankinmu. Aka tafa. Audu da ke bayana ya raɗa mini, "Ashe Yeji cikin Amurka take?" Na taka masa ƙafa.

Sai aka zo babban al'amari. Aka kawo fasfo ɗinmu a kan faranti, an ɗaure su da zare mai sheƙi. Mai Girma ya ɗaga su sama jama'a su gani, kamar shi ya haife su, sannan ya miƙa wa Zulai'atu. Ta karɓa da hannu biyu, ta shafa bangon kowanne da yatsa, ta buɗe ta kai dab da idonta ta tabbatar, sannan ta cusa su cikin lalitar da ke ɗaure a ƙugunta, ta ja hijabi ta rufe.

Mai hoto ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ƙifta ido. A sake."

Mai Girma ya miƙo hannu. "Hajiya, kawo a maimaita."

Ta ce, "Ranka shi daɗe, an gama."

"Na minti ɗaya ne kawai."

"Wancan ma na kwana ɗaya ne anka ce."

Lasifika tana kusa da bakinta, filin gaba ɗaya ya ji. Can daga rumfar mata wata ta rangaɗa guɗa, na tabbata muryar Hajiya Saratu ce, sai wuri ya kaure da dariya da tafi. Mai Girma gwani ne, ba a banza ya kai inda ya kai ba. Ya yi dariya ya fi kowa, ya ce wannan ita ce jarumtar matan yankinmu da yake alfahari da ita. Aka ɗauki hoton da faranti ba komai a kai.

Kayan alherin da aka alƙawarta suka fito: rigar ruwa guda ɗaya, mu biyu, da fuskar Mai Girma a ƙirjinta. Ban raina ba. Na san iyalai a bakin tafkin nan da suka rasa mutane saboda rashin irinta, bayan an sha yi musu alƙawarin za a raba. Ashe tana nan, hoto ake jira a buga mata.

Daga nan aka sa mu a bas, aka kaɗa tuta, muka yi tafiyar da na ba ku labari a farko. Da na gaji da turi na tambayi direba ko wani abu ne ya lalace. Ya ce lafiyarta ƙalau. Man da ke cikinta ne aka zuƙe da safe aka zuba wa janareta, don kada lasifika ta ɗauke Mai Girma yana tsakiyar jawabi. Na ce to a sayo wani. Ya nuna mini layin gidan mai, wanda ƙarshensa ke daidai inda muke tsaye. Ya ce ko 'yan bumburutu za a nema sai Oga ya ba da izini, Oga kuwa ya bi ayarin Mai Girma cin abinci.

Ina tsaye ina share gumi sai na ga Zulai'atu ta sauko da ƙullin yajinta a ka. Ta ɗaga hannu ta tsayar da 'yan kabu-kabu.

"Malam, ɗauko jakar. Haruna na lodin albasa bakin ruwa, yau za shi Lolo. Daga can Binin tsallake ne."

"Ke yaushe kika san haka?"

"Tun shekaranjiya na yi magana da shi. Kai ka zaci na yarda da motar da anka ɗaura wa ƙyalle?"

Haruna tsohon abokin hulɗata ne, injin jirginsa ya sha wucewa ta hannuna. Ya gyara mana wuri a kan buhuna, ya shimfiɗa tabarma. Faruk da ƙannensa suka biyo mu bakin ruwa, aka yi addu'a, aka yi 'yan koke-koke. Ana shirin kwance igiya sai ga Audu a guje, ya bar facinsa a buɗe. Ya cusa mini ƙullin goro a aljihu, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Ya ce, "Cindo, in kun iske tekun, ka kira ni ka kara wayar in ji ƙararta." Na ce ai talaka ba ya yawon buɗe ido. Ya ce, "Tahi, kar ka sa ni abin kunya gaban yara."

Rigar ruwan kuwa ni aka sa wa. Zulai'atu Bagunga ce, haihuwar tsibiri, ta iya iyo tun kafin ta iya tafiya. Ni kuwa duk shekarun da na yi a bakin ruwa, daga gaɓa nake gyarana. Ga ni nan zaune da fuskar Mai Girma a ƙirji, karo na farko da zan iya cewa ya tsaya tsakanina da halaka.

Yanzu Yelwa ta ɓace a bayanmu. Zulai'atu ta ƙi zama kusa da ni, ta koma can goshin jirgi inda iska ke bugu. Ɗazu muka wuce wani garken shanu da Fulani suka kawo shan ruwa, balbelu sun yi fari fat a kansu. Na ɗaga murya na ce, "Kin ga can, ga…"

Ta ɗaga mini hannu. "Yi shiru, Malam. Kar ka hwaɗa min. Bari in gani da kaina."

Ta ƙura ido, ta daɗe. Sannan ta ce, "Balbelu ne. Ga wani ja cikin shanun, mai karyayyen ƙaho." Na duba, haka ne. Ta juyo tana dariya irin wadda rabona da ji tun kafin mu je wajen likita. Ni kuma na ce albasar Haruna ce ta shiga mini ido.

Da zan ajiye biro a nan, sai Haruna ya kunna rediyonsa. An sanar da cewa, saboda kulawar Mai Girma ga talakawansa, an kafa kwamiti mai ƙarfi da zai sa ido a kan jin daɗinmu a ƙasashen waje har tsawon shekara. 'Yan kwamitin sun riga sun kama hanyar filin jirgin sama, za su je su jira mu a wata ƙasar Larabawa mai dogayen benaye, wadda ko a mafarki ba ta kan hanyarmu. Don Allah duk wanda ya ci karo da su a can, ya gaya musu muna lafiya, mun ci ɗumamen tuwo da miyar kuka a jirgi. Kada bayin Allah su rasa abin rubutawa a rahoto.